Ranar da Mama Verlene ta Rufe wa Magajin Gari Ƙofa

Shekara da shekaru ina tsaye a ƙofar majami'armu ta Dutsen Zaitun a bayan Verlene Pettiford, kuma ban taɓa ganin ta buɗe wa wani ƙofar nan ana cikin addu'a ba. Mu ne masu tsaron ƙofa. Farar riga, farar safar hannu, mu tarbi mutane, mu nuna musu wurin zama, mu miƙa mafici ga wadda zafi ya dama. Ita ce shugabarmu. Doka ɗaya ta fi riƙo da ita, wadda ta gada daga matan da suka koya mata aikin: da zarar an ce a sunkuyar da kai, ana rufe ƙofar ciki, na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga, sai an ce amin. Wanda ya makara ya tsaya a zaure ya jira. Ta tsayar da matar fasto. Ta tsayar da ango ranar aurensa. Ni kaina, da nake mataimakiyarta, ta tsayar da ni ranar da na koma mota ɗauko tabarau, ko kallona ba ta yi ba.

Sunana Bernadine, gidana yana kallon nata a Titin Linden, a garinmu Calder Falls, don haka babu abin da ya shiga gidan nan ko ya fita ban gani ba. Ba saka ido ba ne, taga ce ta zo a daidai wurin.

A Mississippi aka haife ta. Tana 'yar shekara tara uwarta ta hau jirgin ƙasa da ita suka taho arewa wurin ubanta da ke aiki a masana'antar ƙarfe, da soyayyar kaza a cikin kwalin takalmi, domin a lokacin ba a sayar wa baƙar fata abinci a hanya. Nan ta girma, nan ta auri Clement, makanikin motocin bas, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa cin nasarar gardama a gidansa ba kuma bai taɓa nuna ya damu ba. 'Yarsu ɗaya, Rochelle. Verlene ta yi shekara talatin a ɗakin girkin firamare ta Linden, rabin unguwar nan da ludayinta suka girma. Cikin waɗanda ta ciyar har da wani siririn yaro mai manyan kunnuwa, Terrence Gaither, ɗan Ida mai jan waƙa a majami'armu, wanda kullum yake zagayowa layi karo na biyu yana fatan ba za a gane shi ba. Ana gane shi, ana kuma zuba masa.

'Yar ƙungiyar ma'aikata ce ta gaske. Shekarar da aka yi yajin aiki, ita ce a gaba cikin dusar ƙanƙara da kwali a hannu, har yatsunta suka daina ji. Daga baya masana'antar ƙarfe ta rufe, mutane suka watse, hukumar ilimi ta ce yaran unguwarmu sun yi kaɗan, ta rufe Linden, ta ce a riƙa kwashe su a bas zuwa wata ƙatuwar makaranta a ƙetaren kogi. Ginin ya zauna babu kowa, sai tantabaru.

Ana nan sai wasu malamai mata biyu da iyayen yara suka tashi neman a ba su ginin su buɗe makarantar yarjejeniya, wato irin wadda da kuɗin gwamnati take tafiya, kyauta ce ga kowane yaro, amma waɗanda suka kafa ta ke gudanar da ita, hukumar ilimi ba ta sa musu hannu. A garinmu magajin gari ne ke sa hannu a yarjejeniyar, shi ke sakar musu kasonsu daga harajin gidaje, kuma bayan 'yan shekaru sai an sabunta, in ba haka ba a rufe. Da suka zo gidan Verlene neman goyon baya, ko kujera ba ta ba su ba.

"Ku ce dai kun zo yasar tukunyar makarantun talakawa da rana tsaka," in ji ta. "Ku sauka mini daga baranda kafin in ɗauko tsintsiya."

Ɗana Darnell malami ne a makarantar hukuma, kuma a ranar har fure ya kai mata. Makarantar kuwa an buɗe ta ba da yardarta ba, ita kuma ta riƙa tsallaka titi in za ta wuce ta gabanta.

Abin da ya juya ta, jikarta ce Janiyah. Auren Rochelle ya mutu, ta sami aikin jinya na dare a Houston, ta kawo yarinyar ta ce a riƙe mata shekara ɗaya ta daidaita. Ba a yi wata shida ba Clement ya rasu, gidan ya rage daga kaka sai jika. Shekara ɗaya ta zama biyu, ta zama huɗu, babu wanda ya ƙara tayar da maganar. Yarinyar tana da in'ina. A makarantar ƙetaren kogi yara suka sa ta a gaba, in ta buɗe baki sai su riga ta ƙarasawa suna dariya, malamar kuma yara sun yi mata yawa, ba ta ma lura ba. A hankali Janiyah ta daina magana gaba ɗaya. In ka gaishe ta sai ta ɗaga kai, in ka tambaye ta me take so sai ta nuna da yatsa. Na sha ganin Verlene zaune a baranda tana tsefe mata kai, tana ta zuba surutu ita kaɗai, tana barin gurbi ko za a amsa mata, ba a amsawa.

Wata safiya na hango ta sanye da hular zuwa majami'a a tsakiyar mako, ta nufi Linden, wannan karon ba ta tsallaka titi ba. Ta sa sunan yarinyar a ƙuri'ar da suke yi ta ɗaukar yara, ƙuri'a kuma ta faɗo mata. Da yamma ta shigo gidana ba sallama.

"Bernadine, na san kin gani."

"Ni? Wanke-wanke nake."

"In maganar nan ta kai kunnen Darnell ta bakinki, zan tashi ranar Lahadi in ce ke ce mai sa maɓallin riga a kwandon baiko maimakon kuɗi."

A Linden wata malama ta lura cewa in yarinyar tana waƙa, harshenta ba ya sarƙewa. Sai ta riƙa sa ta karatu da ɗan kari kamar mai rera waƙa, sannan ta kafa wa ajin doka, wadda daga baya ta zama ta makarantar duka: in wani ya tsaya a kan kalma, ba mai ƙarasa masa, a jira shi. Cikin shekara biyu Janiyah ta dawo da duk maganar da ta adana, har da riba. Yanzu roƙonta ake ta yi shiru a ci abinci. Verlene ba ta taɓa cewa ta yi kuskure a kan makarantar ba, ba halinta ba ne, sai dai duk Juma'a takan kai musu burodin masara.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Yaron nan mai manyan kunnuwa, Terrence, shi ne magajin gari, yana neman zango na biyu, yarjejeniyar Linden kuma za ta ƙare a ƙarshen Disamba. Ƙungiyar malamai, wadda ta ɗora shi a kujerar, ta ce in ya sa wa kowace makarantar yarjejeniya hannu, to ya nemi ƙuri'a a wani wurin. Abokin takararsa kuma wasu attajirai ne daga waje suke ɗaure masa gindi, suna so su cika garin da manyan makarantunsu na kamfani. Gaba kura, baya siyaki. Sai Terrence ya zaɓi abin da 'yan siyasa suka fi ƙwarewa a kai, ya yi gum. Duk wanda ya tambaye shi maganar Linden, amsa ɗaya ce, ana nazari. Malaman makarantar, da suke da haya da yara su ma, suka fara neman aiki a wasu garuruwa.

Ina ɗakin girkin Verlene muna gyaran ganye ranar da Rochelle ta bugo waya, kuma muryarta na fitowa sarai.

"Mama, ba zan yarda ta koma ƙetaren kogi ba. Kin fi ni sanin abin da aka yi mata a can."

"Ba wanda ya ce za ta koma."

"Ba kuma wanda ya ce ba za ta koma ba. Na samo mata makaranta a nan. In har bikin godiya na ƙarshen Nuwamba ya zo ba a sa hannun nan ba, zan zo in ɗauke ta, ta fara a Janairu. Kada ki ce ban faɗa miki da wuri ba."

Verlene ta ce to. Ta ajiye wayar, ta ci gaba da yanka ganyen da ta riga ta yanka. Rochelle ba muguwar uwa ba ce, gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Na san Verlene tun muna da ƙarfin rawa, na ga ta binne uwa da uba da miji, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Tsoron gidan nan take in babu muryar yarinyar a ciki.

Ba ta zauna ba, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ta je zaman majalisar gari, inda ake ba kowa ɗan lokaci ya yi magana, tana cikin gabatar da kanta aka kashe mata makirufo. Ta je ofishin magajin gari har sau uku, aka ba ta kofi da kujera mai laushi, aka ce yana taro. Karo na ukun ta hango shi ta taga yana shiga mota ta ƙofar baya. Ta dawo gida ta ce mini, "Yaron da na ƙara wa taliya shekara shida, yau ni yake wa ɓuya."

To akwai al'adar da kowa ya sani. Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, 'yan takara kan bi majami'un baƙaƙen fata ɗaya bayan ɗaya. Sukan iso a makare, a kai su layin gaba, fasto ya ce su miƙe jama'a ta gan su, su yi 'yar magana, su ambaci kakarsu mai tsoron Allah, su sulale kafin wa'azi su nufi ta gaba. Terrence ba zai tsallake Dutsen Zaitun ba, nan aka yi jana'izar uwarsa. Ofishinsa ya bugo ya ce zai iso da an gama waƙoƙin farko. Wanda ya tsara masa haka bai san cewa a wurinmu, da an gama waƙoƙin farko, addu'ar dattawa ke biyowa ba. Su Fasto Hairston ba su damu ba, domin a irin wannan rana wani matashi daga cikin dattawan majami'a ake sa wa, mai gajeriyar addu'a kamar atishawa.

Matashin nan kuwa Verlene ce ta riƙe shi ranar baftismarsa. Ranar Asabar muryarsa ta dushe ba zato, har ba a jin abin da yake faɗa. A ranar dai ta toya kek ɗin dankali, ta ce in raka ta gidan Dattijo Purvis Oglesby.

Purvis tsohon mai raba wasiƙu ne, ya haura tamanin, kuma an daɗe da cire shi daga addu'ar Lahadi, tun ranar da ya fara daga Adamu, kifin da ake soyawa a ƙasan majami'a ya ƙone ƙurmus bai kai ga Musa ba. Abin yana cin ransa, kowa ya sani.

"Sista Verlene, kek a tsakiyar azahar? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Dattijo. Gobe kai ne da addu'a."

Ya ajiye cokali. "Fasto ya sani?"

"Zai sani in ka miƙe."

"Gajeriya kike so ko yaya? Don kin san an ce ina da tsawaitawa."

"Wa ya ce? Mahassada ne. Ka yi yadda Ruhu ya bishe ka, kada ka bar kowa a baya. Marasa lafiya, matafiya, na kurkuku, shugabanni. Musamman shugabanni."

Purvis ya ja farantin gabansa. "Ki ce dai in zo da ruwan sha."

Saura iyayen yara. Gida gida ta bi su, ita da ta yi shekara arba'in tana harar masu makara, tana ce musu gobe kowa ya zo Dutsen Zaitun, da yara cikin koriyar rigar makaranta, kuma kowa ya tabbata ya makara. Har waɗanda ba 'yan majami'armu ba, har wata mata 'yar Somaliya da 'ya'yanta uku, duk sun zo.

Ranar Lahadi mawaƙa na saukewa, Purvis ya miƙe da sandarsa kafin fasto ya ankara, ya ce a sunkuyar da kai. Na ga Fasto Hairston ya buɗe baki ya rufe. Verlene ta ja ƙofar ciki, ta tsaya a gabanta ta wajen zaure, hannu ɗaya a bayanta yadda aka koya mana. Ni ina ƙofar waje, wadda ke kallon titi. Zauren ya cika maƙil da iyaye da yara, ana jin muryar Purvis ta lasifikar da ke saman bango, ya fara gode wa Ubangiji da ya tashe mu da safe, da ya ba mu ƙafafu, da ya ba mu takalman sa wa ƙafafun.

Bai gama da takalma ba baƙar mota ta tsaya. Terrence ya shigo da murmushinsa na allon talla, bayansa mai ɗaukar hoto da wata budurwa mai waya biyu, ita ce mai tsara masa tafiya. Yana ganin koren riguna murmushin ya ɗan rage, amma ya daure ya ratsa har gaban ƙofa.

"Mama Verlene. Ina kwana?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ana addu'a."

Budurwar ta matso tana raɗa. "Mama, don Allah, magajin gari ne. Akwai majami'u uku suna jiranmu. Ta gefe kawai za mu bi, ba wanda zai ji."

"Sannu 'yata, takalminki ya yi kyau. Ana addu'a."

"To yaushe za a gama?"

Wani daga cikin iyayen, direban babbar mota, ya ce, "Dattijo Purvis ne fa. Kin yi karin kumallo?"

Budurwar ta juya ta kama hannun magajin gari, ta ce su tafi sa dawo. Ni ban tare kowa ba, kada a yi mini ƙazafi. Buɗe ƙofar titi na yi, na wangale ta sosai, na ce ga hanya. Sai dai a daidai lokacin wayoyi kusan ashirin suka tashi sama. Terrence ya kalli ƙofar, ya kalli wayoyin. Ba wawa ba ne. Ya san yadda hoton zai kasance: magajin gari ya juya baya ya bar majami'ar uwarsa ana tsakiyar addu'a, zaɓe saura kwana biyu. Ya zare hannunsa daga na budurwar, ya gyara kwat, ya tsaya.

Da ɗan siyasa ya rasa abin yi, yaro yake nema. Ya duƙa gaban wadda ta fi kusa da shi, ya ce, "'Yan mata, ya sunanki? Ya makaranta?" Cikin duk yaran da ke zauren nan, Janiyah ya zaɓa.

Ta faɗa masa sunanta da na kakarta. Ta faɗa masa sunan malamarta da na karen malamarta. Ta ba shi labarin tumatirin da suka shuka a bayan aji, da yadda zomaye suka cinye, da wanda take zargi ya bar ƙofar lambun a buɗe. Sai ta zo kan wata kalma ta tsaya cak. Leɓenta na motsi, kalmar ta ƙi fita. Budurwar nan, da kyakkyawar niyya, ta buɗe baki za ta ƙarasa mata, sai yara wajen goma suka juyo gaba ɗaya suka sa yatsa a baki. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai Purvis yana yi wa na asibiti addu'a gado gado. Muka jira. Magajin gari na duƙe, shi ma ya jira. Can kalmar ta fito, "laburare" ce, yarinyar ta ci gaba da surutunta kamar ba a yi komai ba.

Da ya miƙe, Verlene ta yi magana ƙasa ƙasa, ba ta bar bakin ƙofar ba.

"Shekara uku da suka wuce, da ka tambaye ta sunanta, sai dai ta kalli ƙasa."

"Mama, kin san ba ƙin makarantar nake ba. In na sa hannu, malamai za su ce na sayar da su. Kuma ba ƙarya suke ba, duk abin da na ba Linden daga tukunya ɗaya yake fita. Akwai azuzuwan da rufinsu ke yoyo."

"Ni za ka ba labarin ƙungiya? Ina riƙe da kwali a ƙanƙara kana fitsarin kwance. Ban ce ka sa hannu ba, Terrence. Cewa na yi ka buɗe bakinka. In e ce, ka ce e. In a'a ce, ka ce a'a, in san zan haɗa wa jikata kaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka bar mu a rataye don kada kowa ya yi fushi da kai kafin Talata, ɗan Ida bai kamata ya yi haka ba."

Purvis ne ya amsa a madadinsa ta lasifika, don a daidai nan ya iso kan shugabanni.

"Ya Ubangiji, ga bawanka magajin gari, yaronmu ne, a gabanmu ya girma. An ce mana hannunsa na dama ya sami matsala, ya kasa riƙe alƙalami. Kai da ka warkar da mai shanyayyen hannu, ka taɓa wannan ma."

Muka ji majami'a ta ɗauka daga ciki, "Taɓa shi, Ubangiji." Direban nan ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza. Kunnuwan Terrence, da har yau ba su ragu ba, suka yi kamar za su kama da wuta. Sai shi ma dariya ta ƙwace masa, ya rufe ido da hannu yana girgiza kai.

"Mama, kek nawa kika ba tsohon nan?"

"Ana addu'a, ranka ya daɗe."

Purvis ya bi ta kan gwamna, ya bi ta kan sojoji da masu kashe gobara, ya tsaya ya sha ruwa, ya dawo kan matafiya. Duk tsawon lokacin Terrence na tsaye a tsakiyar mutanen da ya yi wata uku yana gudu, kuma da yake ba inda za shi, sai ya saurare su. Budurwar ta gaji ta zauna a kan matakala ta cire takalmi. Da aka ce amin, ina jin har fitilun majami'ar sai da suka yi ajiyar zuciya.

Verlene ta buɗe ƙofa, ta shige gaba da kanta ta kai shi layin farko, koren riguna na biye da shi har suka cika hanya. Fasto ya ce ya miƙe jama'a ta gan shi. Ya hau mumbari, ya ciro takardar da aka rubuta masa, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya ce gobe da safe zai sa hannu a yarjejeniyar Linden, domin mutanen unguwa ne suka gina ta da hannunsu. Ya ce attajiran waje kuwa ba zai sa musu hannu ko ɗaya ba. Ya ce ya san akwai waɗanda za su juya masa baya ranar Talata, kuma ba zai ga laifinsu ba. Abin da ya faɗa bayan nan ban ji ba, domin mai kiɗa ya danna piyano, majami'a ta tashi tsaye, Sista Ola da ke tafiya da sanda ta yar da sandar tana rawa. Ni ma na yi kuka, da farar rigata da komai. Verlene kuwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya, fuskar nan kamar ba ita ba.

Ranar Litinin ya sa hannu. Ranar Talata ya ci zaɓe da ƙyar, kuma akwatunan unguwarmu ne suka tsallakar da shi. Ba kowa ya yi murna ba. Darnell ya yi wata guda bai ci abincin gidana ba, ya ce ajinsa har yau bokiti yake tarar ruwan sama, ba wanda ya rufe wa kowa ƙofa saboda shi. Ɗana ne, kuma bai yi ƙarya ba, rufin nan har yanzu yana yoyo. Fasto Hairston ya dakatar da Verlene daga tsaron ƙofa har zuwa bikin Ista, wai ta mayar da ɗakin Ubangiji tarko. Ta karɓi hukuncin ba musu, ta koma layin gaba ta zauna, daga can take juyowa tana gyara mini tsayuwa da ido. Purvis an sake cire shi daga addu'a, amma yanzu ko a shagon aski ba ya biya.

Rochelle ta zo bikin godiya kamar yadda ta ce. An ci talo-talo, an ci ganye da taliya, Janiyah ta ba uwarta labarin ranar Lahadin nan tun daga farko, tana kwaikwayon muryar Purvis. Rochelle ta yi dariya har da hawaye, sannan ta juyo wurin Verlene. Ina wurin, ina kwashe faranti a hankali don kada a ce in tafi.

"Mama, za ki iya da ita har ta gama Linden? Shekara uku ne fa, kuma ba ƙaramar yarinya kike ba."

"Wa ya riƙe ta zuwa yau?"

"To ta zauna. Amma duk hutun bazara tawa ce."

"Ki ɗauka, kunnena ma ya huta."

Verlene ta tashi ta shiga ɗakin girki ta daɗe tana wanke tukunya ɗaya.

Washegari da sassafe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce in fito da mota za mu kasuwa. A hanya ne ta faɗa mini abin da tagata ba ta nuna mini ba. Sanyi ya shigo tun Oktoba, amma ba ta saya wa yarinyar rigar sanyi ba, tsohuwar da hannunta ya ɗage take ta sa mata. Ta ce a Houston ba a sanyi, kuma ko bayan an sa hannun ba ta yarda ta saya ba sai ta ji daga bakin Rochelle, don ba za ta iya ganin sabuwar riga a rataye babu mai sa ta ba.

A kantin ta zaɓi wata ja mai kauri, ta ɗaga ta sama tana dubawa. Mai kantin ta tambayi shekarun yarinyar, ta ce ai wannan ta yi mata girma sosai, a kawo ƙarama.

"Bar ta," in ji Verlene. "A nan za ta cika ta."